Habbatus-sauda: tsiron, danginsa da yadda ake amfani da shi

Habbatus-sauda ƙananan ƙwayoyi ne baƙaƙe masu kusurwa uku, waɗanda muke gani a ƙulle cikin leda wajen masu sayar da maganin gargajiya a kasuwannin Damana, Filinge da Balleyara. Da yawa cikinmu mun san ƙwayar da manta, amma ba mu taɓa ganin tsiron ba, don ba a gonakin Dallol Boso ake noma shi ba. Daga Masar, Habasha, Turkiyya da Indiya yake zuwa.

Masana na kiran sa Nigella sativa. Shekara guda yake yi ya mutu, tsayinsa kamar santimita 20 zuwa 30, ganye siri-siri, fure fari ko shuɗi-shuɗi. In furen ya zube sai wani ƙoƙo ya kumbura, ƙwayoyin na ciki. Tun zamanin Fir'auna aka san shi, har a kabarin Tutankhamun an same shi, kuma ambatonsa ya zo a hadisan Bukhari da Muslim.

To, ga abin da ba kowa ya sani ba. Danginsa, Ranunculaceae, ya ƙunshi tsirrai sama da 2000, kuma da yawansu dafi ne da su. Akwai wani ɗan uwansa mai fure ruwan hoda-shuɗi da ke fitowa a makiyayan Amurka ta Arewa da zarar ƙanƙara ta narke. Jihar Dakota ta Kudu ta ɗauke shi tambarinta a 1903, amma ɗanyen ruwansa na tayar da bororo a fata. Habbatus-sauda ba ta kai nan ba, sai dai ita ma tana da ƙarfi, musamman man. Tana iya rage sukari da hawan jini, don haka mai shan maganin asibiti na waɗannan cututtuka ya faɗa wa likita kafin ya haɗa su. Mai ciki ta tsaya ga ɗan abin da ake barbaɗawa a abinci. Yaron da jikinsa ya yi zafi da damina kuwa, a kai shi CSI a gwada jininsa, kada a zauna shafa mai.

Wajen saye a lura: ƙwayar ta yi kama da irin albasa sosai. A murje kaɗan a tafin hannu, ta gaskiya ƙamshinta mai yaji ne, da ɗan ɗaci a harshe.