Ciwon Jijiyar Cinya da Matsematsi: Sababinsa, Alamominsa da Yadda Ake Gashinsa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah. Bayan haka, wannan bayani ne a kan wani ciwo da jama'a ke yawan ɓoyewa saboda kunyar wurin da yake, har ya tsananta.

Mene ne ciwon?

A cikin cinya ta ɓangaren ciki akwai tsokoki guda 5 waɗanda aikinsu shi ne jawo ƙafa zuwa ga 'yar'uwarta. Kowace tana manne da ƙashin mara ta hanyar jijiya mai tauri. Idan aka buɗe ƙafa da ƙarfi farat ɗaya, ko aka yi ta ɗora wa wurin aikin da ya fi ƙarfinsa, sai jijiyar ta yage kaɗan ko ta raunana.

Ya fi kama 'yan ƙwallo, tun daga 'yan wasan Buffles na Paraku da Panthères na Jugu har yaran da ke bugawa a filin unguwa. Yakan kama 'yan zemijan masu tokare ƙasa da ƙafa ɗaya da kaya a bayan babur, da 'yan dako a kasuwar Arzeke, da wanda santsi ya kwashe shi a wurin alwala.

Alamominsa

Zafi a saman cinya ta ciki, daidai inda ta haɗu da mara. Zafin yana ƙaruwa idan mutum ya matse gwiwoyinsa biyu, ko ya hau babur, ko ya juya da sauri, ko ya tashi daga zaman tahiya. Wanda ya daɗe yakan yi tauri da asuba, ya sassauta in jiki ya yi ɗumi, ya dawo bayan aiki.

Abin da ya wajaba a bambance

Ba kowane ciwon matsematsi ne na jijiya ba. A garzaya asibiti idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan: ƙullutu mai fitowa in an yi tari, domin yana iya zama ƙaba, kuma in ya ƙi komawa tare da amai to na gaggawa ne, zafin maraina kwatsam, wanda ake son likita ya gani kafin awa 6, kaluluwa da zazzaɓi, jini ko zafi a fitsari, kasa taka ƙafa bayan faɗuwa, musamman ga tsofaffi, ɗingishi ga yaro mai tasowa.

Yadda ake gashi

Mai aikin gashi shi ne wanda ake kira "kine" a asibitocin Benin. A kwanakin farko yakan umurci a rage aikin da ke tayar da ciwon, a ɗora ƙanƙara a naɗe cikin ƙyalle na minti 15. Amma kwanciya da tausa da man zafi kaɗai ba sa warkar da wanda ya daɗe. Maganinsa shi ne a ƙarfafa tsokar sannu a hankali.

A shekarar 1999 likita Per Hölmich da abokan aikinsa a Kofanhegan ta ƙasar Denmak sun wallafa gwajin da suka yi wa 'yan wasa 68 masu daɗaɗɗen ciwon. Cikin waɗanda aka sa su motsa jiki na ƙarfafawa tsawon mako 8 zuwa 12, mutum 23 sun koma fili babu ciwo. Cikin waɗanda aka yi wa tausa da na'ura da miƙa jijiya kawai, mutum 4 ne suka koma.

Matakin farko: a kwanta rigingine, a sa ƙwallo ko matashi tsakanin gwiwoyi, a matse na daƙiƙa 30, a huta, a maimaita sau 10. Mataki na biyu: ɗaga ƙafa a kwance ta gefe, da tsayuwa da ƙafa ɗaya, da ƙarfafa tsokar ciki da ta ɗuwawu. Mataki na uku: sassarfa a miƙe, sannan juyi, sannan bugun ƙwallo. Ɗan zafi kaɗan lokacin aikin ba laifi, amma in ya kwana ya wuni, an yi gaggawa, sai a koma matakin baya. Ƙaramar yagewa takan warke cikin makonni kaɗan, babba kuwa takan ɗauki watanni. Mai komawa fili kafin lokaci shi ne ciwon ya fi dawo masa.

A Paraku akwai babban asibitin koyarwa na Borgu da Alibori, a Jugu akwai asibitin Ordre de Malte. Likita ya fara dubawa, shi zai tura mutum wurin kine. A guji tsaga da sakiya a wannan wuri, domin manyan hanyoyin jini na ƙafa ta nan suka ratsa.

Hukuncin al'aura da salla

Wurin yana tsakanin cibiya da gwiwa, don haka al'aura ne. Malamai sun halatta buɗe shi ga mai magani gwargwadon buƙata. A nemi namiji ga namiji, mace ga mace. In ba a samu ba, lalura ta halatta, tare da muharrami ko wani na uku a ɗakin. Kunya alheri ce, sai dai ba ta hana neman magani.

Wanda zaman tahiya ke tsananta masa ciwo, ya zauna yadda ya sawwaƙa, sallarsa ta inganta. Wanda ya kasa tsayuwa ya yi a zaune, kamar yadda Annabi (SAW) ya umurci Imrana ɗan Husaini a hadisin Bukhari. Wanda kuma ke iya tsayuwa, kada ya bar ta a farilla don kawai sujada na ba shi wuya: ya tsaya, ya yi nuni a inda ya gaza.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Allah ne Mafi sani.