Binyet: lanhon mota da muka gada daga Faransa

Duk shekara muna biyan binyet, amma kaɗan cikinmu suka san asalinta. A Faransa aka ƙirƙiro ta a 1956, zamanin gwamnatin Guy Mollet, ta hannun ministan kuɗi Paul Ramadier. Aka ce kuɗin na tsofaffi ne marasa ƙarfi, 'yan shekara 65 zuwa sama. Lokacin mota sai mai hali, to shi ya biya. Sai dai kuɗin baitulmalin gwamnati suka riƙa shiga, abin da ya jawo surutu shekara da shekaru. A 2000 Laurent Fabius ya soke ta ga motocin gida. Mu kam har yau, in jandarma ya tsayar da mu tsakanin Maradi da Damagaram, sai ya nemi ganinta.