Canon da Coton: Karawar da ta Girmi Samarinmu



Duk lokacin da aka ce Canon ta Yawunde za ta zo Garwa, hirar majalisa a Rey Buba takan sauya. Samari su shiga lissafin kuɗin mota, dattawan da ke cewa ƙwallo ɓata lokaci ne kuma sai ka gan su bayan La'asar sun matso kusa da rediyo. Mu da muka haura hamsin mun san dalili.

Muna yara, ƙwallon Kamaru na mutanen Kudu ne. Oryx ta Duwala ce ta fara ɗaukar kofin zakarun Afirka a 1965. Canon, wadda aka kafa tun 1930, ta ɗauke shi sau uku: 1971, 1978 da 1980. Sunayen Thomas Nkono da Théophile Abega da Manga Onguéné mun haddace su daga bakin masu sharhi. Mun so su, babu ƙarya, amma irin son da talaka ke yi wa dokin Lamiɗo ranar hawan salla: ya kalla, ya yaba, ya koma gida a ƙafa. Daga samun 'yancin kai a 1960, aka shafe fiye da shekara talatin kofin ƙasa bai hauro Arewa ba, alhali shugaban ƙasa na farko, Ahmadu Ahijo, ɗan Garwa ne.

A 1986 aka kafa Coton Sport a ƙarƙashin inuwar kamfanin auduga na Sodecoton. Nan ne abin ya shafe mu kai tsaye. Audugar da ake nomawa a ƙasar Mayo-Rey, daga nan har Tuboro, tana cikin abin da ke riƙe da kamfanin, don haka manomi yakan ji cewa da guminsa a jikin wannan riga mai launin kore da fari. Mu Hausawa kuwa, da muke 'yan tsiraru a tsakanin Fulani da sauran ƙabilu, mun sami wurin da ba a tambayar asalin kowa. A filin Rumde Ajiya, Bahaushe da Bafulatani da Batufure murya ɗaya suke ɗagawa.

Kofin farko ya zo a 1997. Daga 2003 zuwa 2008 sau shida a jere, kuma zuwa 2023 an ƙirga 18. Canon ta tsaya a 10, rabonta da shi tun 2002.

Sai dai kada alfahari ya rufe mana ido. Abin da Canon ta ɗauka sau uku, mu ko sau ɗaya ba mu taɓa ba. A 2008 mun kai wasan ƙarshe, Al Ahly ta ci mu 2-0 a Alƙahira, aka tashi 2-2 a Garwa, kofi ya bar garin muna kallo, a zamanin da ɗan garin, marigayi Issa Hayatou, ke shugabancin hukumar ƙwallon Afirka. Da wannan magoya bayan Canon ke yi mana gori, kuma gorin yana da tushe.

To, yaya muke hangen karawa mai zuwa? Da fata, amma ba da sakankancewar da ba. A 2024 Victoria United ta Limbe ta karɓe kofin, ƙananan ƙungiyoyi sun daina jin tsoronmu, balle Canon. Tsohuwar cutarmu kuma tana nan: da zarar yaro ya nuna, sai Turai ta ɗauke shi, kamar yadda Vincent Aboubakar ya tafi Valenciennes a 2010. Abin da muke dogaro da shi shi ne zafin Garwa, wanda ke karya ƙafar baƙo bayan hutun rabin lokaci, da kuma cikar fili. Idan an hana Canon ci a rabin farko, muna sa ran nasara da ƙwallo ɗaya, in Allah ya yarda.

Masu niyyar tafiya su kama hanya tun Asuba, don hanyar Garwa ba ta san lokacin wasa ba.