Raya yanki da ƙarin haraji

Raya yanki da ƙarin haraji, wanda aka fi sani da TIF a taƙaice, wata hanya ce da hukumomin birane ke bi wajen samo kuɗin gyara wani yanki na gari, galibi tsakiyar gari inda kantuna da ofisoshi suke. Hukuma takan ci bashi ta yi aikin yanzu, sannan ta biya da ƙarin harajin gine-gine da take sa ran samu idan darajar yankin ta tashi. Tsarin ya samo asali a Amurka, kuma a can ne ake ta muhawara a kansa, musamman a ƙananan garuruwa da kasuwancin tsakiyarsu ya ja baya.

Yadda tsarin yake aiki

Da farko majalisar gari takan shata iyakar yankin, a ƙiyasta darajar gine-gine da filayen da ke ciki, a rubuta ta a matsayin tushe. Harajin da wannan tushe ke kawowa yana ci gaba da shiga inda ya saba: baitulmalin gari, hukumar makarantu da sauransu. Duk abin da ya ƙaru a kansa kuma, sai a ware shi cikin asusu na musamman har wa'adin ya cika.

Misali, idan yanki na kawo harajin naira miliyan 10 a shekara, bayan an shimfiɗa kwalta da magudanan ruwa ya koma miliyan 16, to miliyan 6 ɗin nan ita ce ƙarin, kuma da ita za a riƙa biyan bashi. Ba a ɗaga kason harajin ba. Darajar abin da ake yanka wa harajin ce ta hau. Ko da yake ga mai kanti bambancin kaɗan ne, tunda kuɗin da ke fita daga aljihunsa ya ƙaru.

Tarihi

Jihar Kalifoniya ce ta fara amfani da tsarin a 1952. Daga baya ya bazu zuwa kusan dukkan jihohin Amurka, in ban da Arizona. Jihar Illinois ta yi dokarsa a 1977, birnin Shikago ya kafa yankinsa na farko a 1984, kuma wa'adin da aka saba bayarwa a can shekara 23 ne. Kalifoniyar da ta kawo shi ita ce kuma ta rushe hukumominta na raya birane, kimanin 400, a watan Fabrairun 2012, zamanin gwamna Jerry Brown, domin kuɗin su koma ga makarantu da sauran ayyuka. A Landan ma an yi amfani da makamancinsa wajen biyan wani kaso na kuɗin miƙa layin jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa Battersea, wanda aka buɗe a 2021.

Muhawara

Magoya baya suna cewa yankin da ya mutu ba ya kawo wa kowa komai, don haka ƙarin da aka ware kuɗi ne da ba za a taɓa gani ba in ba a yi aikin ba. A kan wannan hujja tsarin gaba ɗaya ya tsaya. Shi ya sa dokokin jihohi da dama suka sharɗanta sai an nuna cewa ba don tallafin ba, masu jari ba za su zo ba.

Tabbatar da hakan ne ke da wuya. Darajar gini takan tashi saboda hauhawar farashi ko ƙaruwar jama'a ko da ba a taɓa komai ba, kuma asusun yakan haɗiye wannan ƙarin ma. Hukumomin makarantu su suka fi kuka da haka: ɗalibai na ƙaruwa, kasonsu daga yankin kuwa yana tsaye sama da shekara ashirin. Akwai kuma batun cewa wasu kantunan ba sababbi ba ne, daga wata unguwa suka taso suka dawo inda aka gyara, garin bai ƙaru da komai ba. Binciken da Richard Dye da David Merriman suka buga a 2000 kan garuruwan yankin Shikago ya nuna cewa darajar dukiya ta fi jinkirin hawa a garuruwan da suka ɗauki tsarin. A 2019 an yi zanga-zanga a Shikago kan amincewa da tallafin da ya haura dala biliyan ɗaya ga aikin Lincoln Yards, a wurin da masu suka ke ganin ba ya buƙatar agaji.

A ƙaramin gari haɗarin ya fi girma. Babban kanti ɗaya ya rufe, lissafin ya wargaje, bashi kuma yana nan.

Dangantaka da Najeriya

Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kafa kasuwanni da tashoshin mota da mahauta da kula da su, da kuma ƙiyasta gidajen jama'a domin harajin da majalisar dokokin jiha ta tsara. A takarda ke nan akwai madogara. Amma tsarin yana buƙatar rajistar gine-gine da ake sabunta darajarsu a kai a kai, da masu ba da bashi da suka yarda cewa harajin zai shigo. Ko a Legas, inda aka haɗe harajin filaye da gine-gine tun 2001, ƙarin da aka yi a 2018 ya jawo bore har gwamnati ta rage.

Garin Dayi na ƙaramar hukumar Malumfashi a jihar Katsina, inda hanyar Kano da Gwarzo ta ɓullo, ya isa misali. A garuruwan kasuwa irinsa na yankin Funtua da Malumfashi, abin da hukuma ke karɓa ya fi fitowa daga kuɗin rumfa da na shago, da harajin dabbobi, da na buhunan masara da dawa da waken suya, da kuɗin tasha. Wannan kuɗi yana bin damina: ya cika da kaka, ya ragu da bazara, kuma fari ko matsalar tsaro na iya karya shi. Bashin shekara ashirin kuwa biya yake so kowace shekara, ko an yi albarka ko ba a yi ba.

Abin da ya fi kusa da tsarin a arewacin Najeriya shi ne yarjejeniyar da gwamnati kan yi da ɗan kwangila ya gina shaguna da kuɗinsa, ya karɓi haya na wasu shekaru, sannan ya miƙa wa hukuma. Gardamar da takan biyo baya ta yi kama da ta Amurka: wa zai samu sabon shago, nawa za a biya, kuma ina za a kai masu tebur da 'yan tireda da aka tasa kafin a fara gini.