Jumong da Rigimar Gadon Goguryeo

Shekarun da muke raba dare muna kallon Jumong, hankalinmu yana kan bakansa da kuma soyayyarsa da Soseono. Ashe a Koriya ta Kudu shirin ya faɗo ne ana tsakiyar rigima.

A 2002 masanan gwamnatin Sin suka fara wani bincike da ya lissafa Goguryeo cikin tarihin ƙasarsu. Ita ce daular da littafin Samguk Sagi ya ce Jumong ya kafa shekara 37 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Koriyawa suka harzuƙa, don gadon kakanni ake neman raba su da shi.

Ƙurar ba ta lafa ba, sai tashar MBC ta fito da Song Il-gook a matsayin Jumong a 2006, har kashi 81. Ba banza ba azzaluman shirin suka kasance mayaƙan daular Han ta Sin, masu sulken ƙarfe.