Yadda Magani Ya Fara Riga Wuƙa a Jinyar Sankarar Ƙoda

Shekaru aru-aru, likitan da ya gano sankara a ƙodar mutum ba shi da abin yi sai fiɗa. A 1969 Charles Robson na birnin Toronto ya wallafa sakamakon tiyatar da ake cire ƙodar ɗungurungum haɗe da kitsen da ke kewaye da ita, ta kuwa zama ƙa'ida. Cuta ce mai taurin kai: ba ta jin magungunan sankara da aka saba, ba ta jin gashi.

Daga ɗakin bincike aka sami bakin zaren. A 1993 masana a Cibiyar Sankara ta Amurka suka gano ƙwayar halittar VHL, wadda in ta lalace, ƙari kan yi ta janyo sabbin jijiyoyin jini su ciyar da shi. Sai aka ƙirƙiro magungunan da ke datse masa wannan hanya: sorafenib a 2005, sunitinib a 2006, axitinib a 2012. Don cutar da ta bazu aka yi su, amma likitocin fiɗa suka lura ƙarin da ke cikin ƙodar ma yana motsewa. To me zai hana a fara da magani?

A asibitin MD Anderson da ke Texas, Jose Karam ya ba majinyata 24 axitinib na mako 12 kafin tiyata. Rahotonsa na 2014 ya nuna ƙarin ya ragu da kusan kashi 28 cikin ɗari. Ga mai ƙoda ɗaya tak, wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ana iya yanke ɓangaren da ya kamu a bar masa saura, ya tsira daga wankin ƙoda. Sai dai magungunan kan jinkirta warkewar rauni, shi ya sa ake dakatar da su kafin ranar fiɗa.

A 2018 gwajin CARMENA na Faransa, mai majinyata 450 da cutarsu ta riga ta bazu, ya nuna waɗanda aka ba sunitinib kaɗai ba su gaza waɗanda aka fara cire wa ƙoda a tsawon rai ba.

Magungunan da ke zaburar da garkuwar jiki kuwa ba su cika burin da aka ɗora musu kafin tiyata ba tukuna. A gwajin PROSPER an ba da nivolumab kafin fiɗa da bayanta, cikin majinyata sama da 800, amma sakamakon 2022 bai nuna ya rage dawowar cutar ba. Wanda Amurka ta amince da shi a 2021, wato pembrolizumab, bayan tiyata ake ba da shi.