Tarihin Dokar Kafa Turakun Lantarki a Bakin Hanya

Duk wanda ya fita Katsina ta Ƙofar Ƙaura ya nufi Kano zai ga turakun lantarki jere a gefen hanya. Ba haka kawai aka kakkafa su ba. Akwai doka, kuma dokar tana da tarihi.

A Ikko aka fara kunna wutar lantarki a Nijeriya cikin 1896. Daga baya En'e ta Katsina ta sami injinta, kamar yadda ta Kano ta samu. A lokacin nan waya ba ta nisa, iyakarta gari. Cikin 1950 Gwamnati ta yi dokar kafa hukumar lantarki ta ƙasa duka, watau ECN, wadda ta karɓi injunan nan. Da aka gama madatsar Kainji cikin 1968, sai aka shiga jawo wuta daga nesa. Cikin 1972 aka kafa NEPA. Babban layin da ke shayar da Katsina daga Kano ya taso, ya bi ta Kankiya. Daga Katsina kuma wani ya ƙetare iyaka, yana kai wuta Maraɗi da Damagaram.

To, da waya ta fita daji, sai tambaya ta taso: ta gonar wa za ta bi? Masu aiki suka ga sauƙi ga bin hanyar mota, gama an riga an share wurin, kuma in waya ta tsinke motar gyara na isa da sauri. Amma hanya ita ma tana da mai ita. Dokar Manyan Hanyoyin Tarayya ta 1971 ta sa su a hannun Gwamnatin Tarayya. An keɓe mita 45.72 daga tsakiyar hanya zuwa kowane gefe, ba mai gini ko kafa turke a ciki sai da iznin Ma'aikatar Ayyuka. Dalili kuwa, kada mota ta yi karo da turke, kada kuma a tuge shi ran da za a faɗaɗa hanya.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha ga Gwamna amana. Yana da iko ya karɓi fili saboda amfanin jama'a, a biya mai shi diyyar gini da shuka. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Katsina cikin 1987, wannan iko yana hannun Gwamnanta.

Cikin 2015 hukumar kula da lantarki ta ƙasa ta ƙayyade faɗin filin da za a bar wa kowane layi. Mai ƙarfin bolt 330,000 mita 50 ne. Mai 132,000, irin wanda ya zo daga Kano, mita 30 ne, watau 15 kowane gefe. Masu 33,000 da 11,000, waɗanda aka fi gani a bakin hanya, mita 11 ne.

Wani zai ce wannan ɓarnar fili ce. A'a. Babbar wuta takan tsallako ta kama mutum ko bai taɓa waya ba, in dai ya matso. Da bazara zafi yakan sa waya ta saki ta yi ƙasa, guguwar farkon damina kuwa takan karya turaku. Rufin kwano a ƙarƙashin waya tarkon mutuwa ne.

Kakanninmu sun san irin wannan tsari. Sun bar burtali domin shanu, wanda ya noma shi kuwa ba shi da bakin ƙara in an yi masa ɓarna. Filin waya burtalin lantarki ne. Saboda haka, mai karatu, in za ka sayi fili a bakin hanya, ka ɗaga kai tukuna ka dubi waya, ka auna, sa'an nan ka tambayi ofishin ƙasa kafin ka biya. Wanda ya yi gini a filin waya bayan an keɓe shi, Hukuma na iya rushewa, ba kuwa zai sami ko kwabo ba.